Ɗan Jirgi a Gonar Dabinon Kawu

Ɗan jirgin ba nawa ba ne tun farko. Na yayana ne, wanda yake ɗaukar hoton biki a Kano. Da ya sami wani babba, sai ya zo gidanmu a unguwar Takur ta Dutse wata Asabar ya ajiye mini tsohon a kan katifata, cikin jakarsa mai lalataccen zif. Ya ce, "Ga shi nan, ka riƙa fita kana shan iska. Umma ta ce ka kusa zama littafi."

Ina aji biyu a jami'a a lokacin. Mutane suna ce wa abin diron, ni kuwa ɗan jirgi na saba ce masa. Faɗinsa bai wuce faranti ba. Yana da farfela huɗu, da kyamara a goshi, da batir biyu, da rimot ɗin da ake maƙala wa waya don a ga abin da kyamarar take gani.

Sati biyu ban tashe shi ba. Littafin bayaninsa na zauna na karanta, sau uku, har da ƙananan rubutun da ke bayan bango. Na sami wani littafin rubutu na kwafe dokokin da Hausa, ɗaya bayan ɗaya. Kada a tashe shi kusa da filin jirgin sama. Kada a bi ta kan mutane ko gidajensu. A duba farfela kafin a kunna. A dawo da shi tun batir bai yi ja ba. A nisanci bishiyoyi da wayoyin lantarki. Yayana ya bugo waya ya tambaye ni yadda na ji daɗinsa, na ce ina kan shafi na arba'in. Ya yi dariya har sai da ya yi tari.

Ranar da na fara, na fita da sassafe zuwa wani filin ƙwallo da ke bayan unguwa, lokacin da na san babu kowa. Ba faɗuwar jirgin nake tsoro ba kamar yadda nake tsoron a taru a kaina ana yi mini tambayoyi. Na ajiye shi a tsakiyar fili, na ja baya taku goma, na tura sandar hagu sama. Ya yi ƙara kamar an taɓa gidan zuma, ya tashi daidai tsayina ya tsaya cak a iska. Na sauke shi. Na sake ɗaga shi, na sake sauke shi. Abin da na yi ke nan har batir ya ƙare, na koma gida.

A hankali na koyi abin da littafi bai iya koya mini ba. Idan jirgin ya ba ni baya, damata ita ce damarsa. Idan ya juyo yana fuskantata, komai sai ya juye: in tura dama ya tafi hagu. Sau biyu na kai shi jikin ragar gola saboda wannan. Na liƙa masa jan salatif a baya don in riƙa gane inda ya dosa. Na koyi cewa iskar da ke gangarowa daga duwatsu takan tashi bayan hantsi, kuma batir ɗaya ba ya wuce kwata na awa ko ya ɗan ɗara. Bayan wata biyu ina iya zana murabba'i a sama in dawo da shi kan hular da na ajiye a ƙasa. Ban taɓa kai shi kusa da komai da gangan ba.

Da aka yi hutu, a tsakiyar sanyi, Umma ta aike ni ƙauyen Kawu, ƙaninta, a hanyar Jahun, in kai masa maganin shafawa. Na tafi da ɗan jirgin don na ji an ce akwai fili a can.

Kawu manomin dabino ne. Yana da bishiya talatin da 'yan kai a wata fadama bayan gari, dukkansu mata, sai namiji guda ɗaya, dogo, a gefen rijiya. Ni da na girma a Dutse ina cin dabino ban san sai an hau an yi masa aiki yake haihuwa ba. Kawu ne ya bayyana mini a hanyar gona, yana tafe yana ɗingishi. Furen dabino yana fitowa ne a cikin wani abu mai kama da kuben wuƙa, can sama a gindin rassa. Idan kuben namiji ya tsage, sai a hau a yanko shi tun garin da ke cikin furen bai zube ba. A rarraba shi sili-sili. Idan kuben mace ya tsage, sai a hau ta a cusa mata sili uku ko huɗu a tsakiyar furenta, a ɗaure da ganye. Kwana uku take jira, da ƙyar huɗu. In an wuce haka, 'ya'yan za su fito ƙanana, babu ƙwallo, ba sa nuna yadda ya kamata, sai dai a zuba wa awaki.

Matsalar ita ce daga ƙasa ba a ganin wadda ta tsage. Sai an hau. Shekara talatin Kawu yana hawa bishiya goma ko fiye a wuni don kawai ya leƙa, ya sauko daga mafi yawansu hannu wofi. Amma a shekarar da ta gabata ƙafarsa ta zame ya faɗo a kan ƙugu. Tun daga nan hawa biyu yake iyawa a rana, in ya matsa uku, sai ya kwana yana nishi. 'Ya'yansa maza suna Legas. Masu hawa na garin kowa yana kan nasa.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ta kawo shawarar. Da yamma ta same ni a bayan gida ina tashin jirgin a kan gonar gero da aka girbe. Ta tsaya da ƙwarya a hannu tana kallon wayar ta bayan kafaɗata.

"Ɗan nan, waccan ba rijiyar makiyaya ba ce?"

"Ita ce, Inna."

"Ikon Allah. Har guga ina gani." Ta ƙara matsowa kusa da wayar. "To abin nan da yake ganin guga, ba zai ga kan dabino ba?"

Na ce littafin ya hana a kai shi kusa da bishiya.

"Littafin ya san kawunka? Ya san yadda nake dafa masa ruwan zafi kullum kamar mai jego?"

Kawu yana zaune a kan tabarma yana gyaran igiyar hawansa. Bai ɗago ba ya ce, "Ki bar yaro da abin wasansa. Ni idona na yarda da shi."

"Idonka ba shi ne ya faɗo ba, Malam. Ƙugunka ne."

Washegari muka tafi gona mu biyu. Na ɗaga jirgin sama sosai, na kai shi daidai kan bishiyar farko, na karkatar da kyamarar ƙasa. Abin da ya fito a waya kore ne kawai, rassa sun bazu kamar tafin hannu. Kawu ya cire hularsa ya yi wa wayar inuwa da ita, ya duba ya duba.

"Malam direba, wannan ai saman kanta ka nuna mini. Fure ba a ka yake ba, a hammata yake. Sauko ka leƙa ta gefe."

Ta gefe kuwa shi ne inda rassa suke lanƙwasowa, kowane da ƙayarsa mai tsawon yatsa. Na sauko da jirgin a hankali har ya zo daidai wuyan bishiyar, na tsayar da shi nesa. Kawu ya ce in matsa. Na matsa kaɗan. Ya ce in ƙara. Ya ce in yi dama, na tura dama, jirgin ya yi hagu, don a ruɗe na manta ya juyo yana kallonmu. Wani ganye ya taɓa farfela, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Na ja shi baya da sauri.

"Kai da shi wa yake tuƙa wani?" in ji Kawu.

Amma a karo na uku muka gani. Wani abu mai ruwan ƙasa, tsawon kamu ɗaya, ya leƙo daga gindin reshe, a rufe ruf.

"Wannan da saura," Kawu ya ce. "Kwana biyar. Wuce gaba."

Na lura bai hau ba. Ranar muka leƙa bishiya tara da batir biyu, bai taka ko ɗaya ba. Da muka koma gida Inna ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce, "Ba laifi." Ta dube ni ta kanne ido, ta ƙara mini nama a miya.

Kwana shida muka yi a haka. Da safe mu fita kafin iska ta tashi, da rana in kai batir shagon mai cajin waya a bakin kasuwa. Na zana taswirar gonar, na ba kowace bishiya lamba. Kawu bai san lamba ba, sunaye yake kiransu da su: mai karkata, ta bakin rijiya, 'yar gata, wadda tsawa ta taɓa. Na rubuta sunayen a gefen lambobin. Ya koya mini bambancin kube mai saura da wanda ya kumbura ya kusa, da yadda furen mace yake fari sol kamar madara ranar da ya fito, sannan ya fara komawa kore idan lokacinsa ya wuce. Ni kuma na daina jin tsoron ƙaya. Har na fara jin daɗin yadda nake iya shigar da jirgin tsakanin reshe da reshe. Wannan jin daɗin ne ya jawo abin da ya faru.

A rana ta bakwai muka tarar mata huɗu sun tsage a tare: mai karkata, 'yar gata, da biyu na gefen gabas. Kawu ya ce, "Alhamdu lillahi. Saura angon. Duba mana shi."

Namijin ya fi kowace tsawo. Kwana biyu muna ganin kubensa na farko a kumbure. Na ɗaga jirgin, na zagaya ta bayan bishiyar, sai ga shi ya tsage tun daga sama har ƙasa, furen ya bazu waje. Kawu ya gani, ya ce, "Ya isa, na gani," ya sunkuya ya ɗauki igiyarsa.

Ni kuwa hoton bai gamsar da ni ba. Rana tana bayan bishiyar, furen ya yi duhu, kuma ina son in ajiye hoto mai kyau na kube a buɗe don in riƙa kwatantawa da shi. Na matsa. Na ƙara matsawa, na ɗan ɗaga jirgin ya zo daidai saman furen, kusa ƙwarai.

Sai fuskar wayar ta yi fari, kamar an watsa mata gari. Na ɗaga kai. Wani farin hayaƙi yana fita daga wuyan bishiyar, iskar farfela tana kaɗa shi ƙasa, iskar gari kuma tana ɗauke shi ta yi yamma da shi, inda babu dabino ko ɗaya sai gonar rogo. Maimakon in ja baya nan take, sai na tsaya ina tunanin wace sanda zan taɓa, jirgin yana nan a wurin yana ta fifita furen.

Kawu bai yi mini tsawa ba. Ya bi hayaƙin da ido har ya ɓace. Sannan ya ɗaura igiya ya hau, a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Ya yanko furen ya sauko da shi a cikin rigarsa. Ya karkaɗa sili ɗaya a tafin hannunsa, ya duba. Ya karkaɗa wani. Ɗan abin da ya fito bai kai a shafa wa ido kwalli ba.

"Na ciki-ciki suna da ɗan saura," ya ce. "Zai ishi ɗaya."

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri."

"Ba ka sani ba ne. Ni ma ban gaya maka ba." Ya tattara silin. "Iskar Allah ma a hankali take ɗibarsa."

Ya hau 'yar gata ya sa mata abin da ya samu. Hawa biyu ke nan, ƙugunsa ya ce ya isa. Saura uku suna jira, kuma kuben namijin na gaba, mun gani da idonmu, sai bayan sati.

A garin akwai al'ada: ba a hana furen namiji. Wanda nasa ya buɗe yakan ba wanda nasa bai buɗe ba, ba a ma godiya mai tsawo a kai. Sai dai Kawu tun da ya fara noman dabino shi ne mai bayarwa, bai taɓa zuwa ƙofar wani nema ba. Mutum ɗaya ne kuma yake da wani namijin a kusa, wani dattijo mai makarantar allo a ɗaya gefen gari, wanda muke kira Baba Malam. Taubashin Kawu ne, ɗan gwaggonsa. Tun suna yara suke tsokanar juna, kuma tun da Kawu ya faɗo Baba Malam bai bar shi ya huta ba.

Inna ta ce, "Ka aika wajen taubashinka mana."

"In aika ya ce me? Ya tara mini mutanen gari?"

"To zauna. Bishiya uku su tafi saboda kada a yi maka dariya."

"Na ce a bari in yi tunani."

Da ya fita masallaci ta kira ni madafa. "Ɗan nan, kai ka ɓarar, kai za ka roƙo. Gobe da safe ka je. Kada ka gaya masa."

Na je. Wannan ne wurin da har yau ba na son tunawa. Na tarar da zauren Baba Malam cike da dattawa, an dawo daga wani ɗaurin aure ana hira. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe su. Aka tambaye ni mutanen Dutse, da karatu, da Umma. Baba Malam ya ce, "Lafiya dai ko, ɗan boko?" Duk suka juyo suna kallona. Tun a hanya na tsara maganar, na maimaita ta ya fi sau goma. Amma da na ga idanun nan sai na ji bakina ya ce, "Lafiya lau, Baba. Gaisuwa na zo yi."

Ya sa mini albarka. Na fito na zauna a gindin wata tsamiya har azahar, ina cewa in sun watse zan koma. Da na koma aka ce ya bi motar kasuwa zuwa Jahun, sai magariba. Haka kwana na biyu ya tafi.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Kai da kawunka jini ɗaya ne. Shi girman kai, kai kunya, dabino yana can yana jiranku."

Washegari tun kafin rana ta fito sosai ina ƙofar zauren. Baba Malam yana zaune shi kaɗai yana shan kunu. Ban ko gama gaisuwa ba na faɗi abin da ya kawo ni, da sauri, ina kallon tabarma, don kada bakina ya sake kuɓuce mini. Na gaya masa komai, har da hoton da na so ɗauka.

Ya ajiye ludayi. "Tsaya, tsaya. Kana nufin tsohon birin nan ya daina hawa, ya sayo ƙuda yana aikensa?"

"Ba saya ya yi ba, Baba. Nawa ne."

"Kuma ƙudan ya je ya yi wa angonsa fifita?" Ya fashe da dariya har rawaninsa ya zame. "Wayyo Allah cikina! Shi ya aiko ka?"

"Bai san na zo ba."

"Ai na sani. Da ya mutu gara." Ya share hawaye da bakin riga. "Jiya abin da ya kawo ka ke nan?"

Na gyaɗa kai.

Dariyar ta tsaya. "Kash. Ka yi wauta, ɗana. Da ka ja ni gefe. Yaushe suka tsage?"

"Shekaranjiya."

Ya tashi da sauri fiye da yadda na zaci zai iya, ya shiga cikin gida. Ya fito da wani ƙunshi na takardar siminti, ya buɗe mini a hankali yana kare shi da jikinsa. Sili ne a jere, ya shanya su a inuwa, gari ya kwanta a kansu har a jikin takardar.

"Na farkon satin nan ne. Riƙe da hannu biyu. Kada ka yi gudu, kada ka yi atishawa, kada kuma ka nuna wa ƙudanka." Ya saka takalmi. "Mu je. Wannan ba zan bari a ba ni labari ba."

Muka sami Kawu a gona, zaune a bakin rijiya yana kallon bishiyoyin. Da ya hango wanda ke biye da ni sai ya juya mana baya.

"Salamu alaikum, sarkin hawa!" in ji Baba Malam tun daga nesa. "An ce angonka ya yi ɓari, na kawo maka gudummawa."

"Wa alaikumus salam. Wa ya kira ka?"

"Ƙuda ne ya zo ya gaya mini."

"Wannan guntun namijin naka har yana da garin bayarwa? Bara ai ni na ba ka."

"Ka ba ni, na karɓa, ban mutu ba. Karɓi kai ma ka gani ko za ka mutu."

Kawu ya buɗe ƙunshin, ya shafa yatsa a takardar, ya duba, ya sansana. Bai ce ya gode ba. Ya ce, "Ka shanya shi da kyau, abin mamaki." Ya zaɓi sili ya soke a aljihun gaba, ya ɗaura igiya.

Ya hau ta farko a gefen gabas, Baba Malam yana ƙasa yana ba shi umarnin da bai nema ba. Ya sauko ya huta, ya hau ta biyu. Da ya sauko daga wannan ƙafarsa ta hagu ba ta iya taka ƙasa sosai. Ya nufi mai karkata yana jan ta, sai Baba Malam ya riƙe igiyar.

"Wallahi ba za ka hau ba. Ni ba zan iya ɗaukarka ba, wannan kuma littafi kawai ya iya ɗauka."

"Gobe ta wuce."

"To ta wuce. Kai ma so kake ka wuce?"

Suka yi ta ja, har Kawu ya saki. A kafaɗata ya dogara muka koma gida.

Da safe na ga bai iya sunkuyawa ya ɗaura takalmi ba, amma ya ce a tafi. Inna ta bi mu har ƙofar gida tana magana, shi kuwa ya yi gaba abinsa. Mai karkata ita ce mafi wuyar hawa a gonar, don ta kwanta gefe guda, igiya ba ta kama ta daidai. Kuma ita ce mai dabinon da ya fi zaƙi, wanda yake aika wa Umma duk shekara. Ya tsaya a gindinta ya fara zagaya igiyar.

Na ce, "Kawu, bari in duba tukuna."

Tun ranar ɓarin ban kunna jirgin ba. Ya dube ni, ya dubi jakar. Ya ce, "Daga nesa."

Na tsayar da shi nesa da rassan, inda ko ganye bai motsa ba. Na jira rana ta haska wuyan bishiyar, na ɗauki hoto, na dawo da jirgin ƙasa na kashe shi. Sannan na buɗe hoton na ja shi da yatsu biyu har furen ya cika wayar. Na daɗe ina kallo. Farin nan ya tafi. Silin sun yi kore, bakinsu ya fara bushewa. Na san abin da nake gani, don shi ya koya mini, kuma na san dalilin da ya sa ta kai haka. Na ji ina son in miƙa masa wayar kawai in yi shiru, ya gani da kansa.

Na ce, "Ta wuce, Kawu. Ko ka hau ba za ta karɓa ba."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ya karɓi wayar, ya yi mata inuwa, ya kai ta kusa da ido. Ya daɗe shi ma. Sannan ya miƙo mini, ya kwance igiyar daga jikin bishiyar, ya naɗe ta a hannu. Ya dafa gangar jikinta ya ɗan tsaya, kamar mai yi wa wani sannu.

"Tana da wani kuben a baya," ya ce. "Ƙarami ne. Ba zai kai wannan ba." Ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafar da ke ciwo. "Da na hau a banza. Duba mana ta bakin rijiya, jiya na ga kamar ta kumbura."

Na sa ɗaya batir ɗin.

Na ƙara sati biyu a garin kafin a koma makaranta. Ba mu sake rasa ko ɗaya ba, kuma Kawu bai sake hawa bishiyar da ba ta shirya ba. Da zafi ya shigo aka fara yanka, sai ga kwali ya iso Takur a motar haya. Dabinon 'yar gata ne da na gefen gabas. Umma ta ci ɗaya ta ce ba irin na kullum ba ne, ta tambaya ko mai karkata ba ta yi ba bana. Na ajiye abin da nake karantawa, na gaya mata yadda aka yi, tun daga farko.